Yadda Ake Zaɓen Bindigar Farauta Wadda Za a Iya Sauya Mata Bututu da Ƙota Nan Gaba

Bindigar raifil, wato mai tsaga a cikin bututu da ke murɗa harsashi guda ɗaya ya tafi a miƙe, manyan sassanta uku ne: bututu, ƙota, da uwar bindiga. Uwar ita ce guntun ƙarfen nan na tsakiya wanda sakata ke shiga tana fita a cikinsa, kunama na rataye a ƙarƙashinsa, lambar bindigar kuma tana jikinsa. Bututu yana cinyewa a sauya shi. Ƙota tana tsagewa, ko ta ƙi zama a kafaɗar mai ita, a sauya ta. Uwa kuwa kamar shasin mota take, in ta sauya to wata bindigar ce daban. Duk wanda ke son bindigar da zai riƙa inganta ta sannu a hankali, uwar zai fara zaɓa, domin ita ke yanke irin bututun da zai ɗauru da irin ƙotar da za ta shiga. Mafi yawan masu saye ƙyallin katako suke kallo, sai bayan shekaru su tarar ba kamfanin da ke ƙera ko sukuru ɗaya da ya dace da abin da suka saya.

Mataki na farko: doka, domin ita ke tsara girman harsashi

Dokar Makamai ta Najeriya, ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na F28, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin mutum, inda raifil ɗin farauta take, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin ƙananan makamai, saboda haka kafin ka taya ko da bindiga ɗaya, je hedikwatar rundunar a nan Sakkwato ka ji halin da ake ciki, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Abubuwa biyu a cikin wannan doka sun shafi zancenmu kai tsaye. Na ɗaya, ta lissafa girman harsasan da ta ɗauka na soja: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Wannan ya rushe rabin shawarar da za ka ji daga maharban Amurka da Turai, domin su kusan kullum .308 Winchester ko .30-06 suke cewa a saya, alhali .308 ɗan'uwan 7.62 na soja ne, .30-06 ma cikin wannan awon yake. Kada ka sayi bindiga da niyyar wata rana ka ɗaura mata bututun ɗaya daga cikinsu. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci.

Na biyu, a fassarar dokar, kowane sashe na bindiga shi ma bindiga ne. Bututun da ba a ɗaura ba, yana ajiye a akwati, doka tana kallonsa makami. Shigo da shi daga waje yana buƙatar izinin 'yan sanda da takardar shaidar mai amfani ta ƙarshe daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, gyaran bindiga kuma sai wanda ke da izinin gyara. Maƙerin unguwa, komai gwanintarsa, ba ya cikin wannan lissafi. A jihar da ke fama da matsalar tsaro a gabashinta da dazukan kan iyaka, bindigar da girman bututunta ya saɓa da abin da ke rubuce a lasisi tana iya jefa mutumin kirki cikin tuhumar da ba ta da daɗin fita.

Mataki na biyu: me za ka harba, kuma a ina

Ka rubuta wannan a takarda tun kafin ka ga dillali. In farautarka zomo ce da zabuwar daji da fakara, a tazarar da ba ta wuce mita 60 ko 70 ba, .22 LR ta ishe ka, kuma ba ta lalata nama. In agwagin ruwa ne da ɗinya a fadamun Rima ko wajen Kware da Goronyo, raifil ba ta aikin, bindigar da ke watsa ƙwayoyi ake nema, domin harsashin raifil yana tsalle a kan ruwa ya tafi inda ba a aike shi ba. In gada ce da makamantanta a tazarar mita 100 zuwa 200, to .243 Winchester, ko 6.5 Creedmoor, ko 7mm-08 ne sahun da za ka duba. Akwai .270 Winchester, wadda ke kasuwa tun 1925, amma ta fi ƙarfin yawancin naman da ya rage a dajinmu.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga makiyaya ga gonaki ta ko'ina. Harsashin .22 LR da ya kuskure yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, na .243 kuwa ya haura kilomita uku. Girman da ya fi buƙatarka ba ƙarin daraja ba ne, ƙarin haɗari ne ga wanda ba ka gani a bayan kurmi. Ka kuma tambayi ma'aikatar da ke kula da gandun daji jerin dabbobin da aka hana taɓawa, domin barewa da wasu da dama sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma lasisin bindiga daban yake da izinin farauta.

Sai batun samun harsashi. Bindigar da dillali mai rajista ba ya iya kawo harsashinta a kai a kai ba ta da amfani komai kyanta. Ka tambaye shi kai tsaye: "Alhaji, wane girma ne ke zuwa maka ba yankewa?" Amsarsa ta fi duk wani abin da za ka karanta.

Mataki na uku: fuskar sakata da tsawon uwa

Nan ne gundarin zaɓin. Ciro sakatar ka dubi gabanta, za ka ga wani ɗan zagayayyen gurbi inda gindin kwanson harsashi ke zama. Faɗin wannan gurbi shi ke ƙayyade dangin harsasan da bindigar za ta iya ɗauka in an sauya bututu. Iri uku suka fi yawa: ƙarami mai inci .378, matsakaici mai inci .473 wato milimita 12, da babba mai inci .532 na manyan harsasai masu ƙarfi da ake kira magnum.

Matsakaicin za ka nema. A kansa .243 Winchester ta 1955 take, da 7mm-08 ta 1980, da .260 Remington, da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, da .270 ma. Ma'ana, wanda ya sayi .243 yau, in ya samu izini gobe zai iya komawa 7mm-08 da sabon bututu kaɗai, ba tare da taɓa sakata ba. Wanda ya sayi mai ƙaramar fuska kuwa sai ya sayi sabuwar sakata ko sabon kanta, wani lokaci har da magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki.

Tsawon uwa iri biyu ne. Gajera tana ɗaukar harsashin da tsawonsa duka bai wuce milimita 71 zuwa 72 ba, nan .243 da 7mm-08 da 6.5 Creedmoor suke. Doguwa tana kaiwa milimita 85, nan .270 take. Doguwar uwa tana iya harba gajeren harsashi, ko da yake a wasu bindigogin yakan zame gaba da baya a magazin ya riƙa sarƙewa, amma gajera ba za ta taɓa haɗiye dogo ba. Duk da haka, ga maharbin Sakkwato gajera ta fi: ta fi sauƙin nauyi, ƙotocinta sun fi yawa a kasuwa, kuma manyan harsasan da ake sayen doguwa dominsu yawancinsu doka ta riga ta rufe ƙofarsu. Tikka T3 da T3x na ƙasar Finland sun kauce wa wannan rabo, tsawon uwarsu ɗaya ne ga kowane girma, abin da ke bambanta shi ne matokarin sakata da magazin.

Mataki na huɗu: yadda aka haɗa bututu da uwa

Hanyoyi huɗu ake bi, kuma dole ka san wacce ce a hannunka.

Akwai bututun da aka matse shi cikin uwa da ƙarfin inji ko da zafi, ba tiredi, wato zaren murɗawa irin na sukuru. Remington 710 da 770 haka suke, Sauer 101 ma haka. Suna iya harbi da kyau, amma ga mai niyyar sauya bututu sun fita daga lissafi. Araha ba ta ado.

Akwai mai tiredi da kafaɗa, wanda ake murɗawa har kafaɗar bututu ta tokare goshin uwa. Remington 700, wadda ta fito a 1962, ita ce uwar wannan tsari, tiredinta inci ɗaya da ɗaya bisa sha shida ne, zare 16 a kowane inci. Babu bindigar farauta da aka ƙera wa kayan sauyi kamarta, har wasu kamfanoni suna yin tasu a kan awonta, irin su Bergara B-14 ta Sifen, don ƙotocinta da kunamominta su shiga. Aibinta shi ne sabon bututu yakan buƙaci gwani mai injin feƙe ƙarfe ya yanke kafaɗar da ɗakin harsashi daidai da wannan uwar ta musamman. Howa 1500 ta Japan ma mai kafaɗa ce, ƙarfe ne mai aminci, sai dai tiredinta na milimita ne kuma an san bututunta da taurin kwancewa. Tikka ta yi fice a wannan sahu saboda awon uwayenta yana fitowa iri ɗaya ƙwarai, har ana sayar da bututun da aka gama yanke shi, a ɗaura kawai a auna.

Akwai mai noti. Savage 110, wadda ta fito a 1958, ita ta shahara da shi: ana murɗa bututu ciki har ya kai inda ma'auni ya nuna, sannan a ɗaure shi da babban noti a gaban uwa. Ba a buƙatar injin feƙe ƙarfe, kuma kan sakatarta yana cirewa a sa wani. A wurin da masu gyara da ke da izini ba su da yawa, kayan aikinsu kuma ba su cika ba, wannan tsari ya fi kowanne dacewa, kuma shi muke fifitawa. Ka dai lura, wuyan bututun Savage iri biyu ne, siriri mai inci 1.055 da kauri mai inci 1.120, ba sa shiga gurbin juna.

Na huɗu su ne waɗanda aka ƙera musamman don sauyin bututu, irin su Blaser R8 da Sauer 404 na Jamus, inda sukuru biyu ko uku ke sakin bututu cikin 'yan mintoci. Aikinsu ba laifi, sai dai bututu ɗaya nasu yakan kai kuɗin wata bindigar sukutum, kuma ba wanda zai ƙera maka shi cikin sauƙi sai su. A ɓangaren ƙananan harsasai, CZ 457 ta ƙasar Cek tana da irin wannan sauƙi da kuɗi mai dama: sukuru biyu ke riƙe bututun, ana iya sauyawa tsakanin .22 LR da .22 WMR da .17 HMR, tare da magazin da ya dace da kowanne.

Mataki na biyar: ƙota da yanayin Sakkwato

Ƙota ba ado ba ce. Ita ke riƙe uwa kada ta motsa tsakanin harbi da harbi, kuma yanayinmu yana jarraba ta fiye da na ƙasashen da ake ƙera ta. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba iska tana ɗauke da laima. Daga Disamba hunturu ya busar da komai. Katakon itacen walnat na Turai, komai kyansa, yana shan laimar damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, sai sukurori su saki ko gaban ƙota ya lanƙwashe ya tokare bututu. Shi ya sa bindigar da aka daidaita mata saiti a Agusta take harbi gefe a Janairu. Robar da ke zuwa da bindigogi masu araha ba ta shan ruwa, amma tana laushi a rana: ka kama gabanta ka matse shi da bututu, in ya taɓa cikin sauƙi, to zai taɓa duk sanda ka ɗora ta a kan reshe ko sanda. Ƙotar alminiyam zalla ba ta motsi ko kaɗan, amma in ta sha ranar Sakkwato rabin awa ba ta riƙuwa da hannu, ga nauyi. Abin da ya fi zama lafiya a nan shi ne katakon da aka manna falle-falle da gam, ko ƙotar zaren gilas mai ƙashin alminiyam a ciki.

Kafin ka biya kuɗin bindiga, tabbatar akwai aƙalla kamfanoni uku da ke yin ƙotar wannan samfurin daidai. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, nan mutane da yawa ke faɗawa. Remington 783 ba ta shiga ƙotar 700. Savage Axis ba ta shiga ƙotar 110. Ko a cikin gajerun Savage 110, tazarar da ke tsakanin sukurori biyun da ke ɗaure uwa da ƙota ba iri ɗaya ba ce, tsofaffi inci 4.275, na baya inci 4.40, kuma wasu maɓallin sakin sakatarsu yana sama, wasu yana ƙasa gaban kunama. A Remington 700 tazarar inci 6.50 ce a gajera, 7.35 a doguwa. Juya bindigar ka auna daga tsakiyar sukuru zuwa tsakiyar ɗaya, ka rubuta lambar a bayan takardar sayen. Ƙotar Tikka T3 da ta T3x suna shiga juna, amma ka sani ɗan ƙarfen da ke tare shurin bindiga a cikin ƙotar yake zaune, ba a jikin uwa ba. Na tsohuwar T3 alminiyam ne kuma yana lotsewa da daɗewa, na T3x ƙarfe ne.

Ka dubi magazin ma. Sababbin ƙotoci da yawa an yanke su ne don magazin irin na AICS, wani tsarin magazin mai cirewa da kamfanoni da yawa ke bi, saboda haka sauya ƙota yana iya jawo sayen sabon ƙarfen ƙasa da sabon magazin. Ka sa wannan cikin lissafin kuɗi tun yanzu.

Batun dacewa da jiki kuwa, yawancin ƙotoci suna zuwa da tsawon inci 13 da rabi, kusan santimita 34, daga kunama zuwa gindi. Sa rigar da kake shiga daji da ita, ka tabbatar bindigar ba harsashi, ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe ido. In sai ka ɗaga kai kafin ka ga cikin madubin saiti, bayan ƙotar ya yi ƙasa. In babban yatsanka yana taɓa hanci, ta yi gajarta, kamata ya yi a samu faɗin yatsu biyu a tsakani. Ƙotar da ake ƙara mata tsawo da fallaye a gindi ta fi, domin rigar sanyin hunturu tana ƙara kauri a kafaɗa.

Mataki na shida: binciken hannu kafin a biya

Ciro sakata, ka haska fitila ta gindin bututu ka leƙa ta baki. Tsagogin su fito da kaifi, ba tabon tsatsa, ba wurin da ya kumbura kamar zobe. Zoben nan alama ce an taɓa harbi da wani abu toshe a ciki, ƙasa ko gidan zanzaro, kuma irin wannan bututu ya gama aiki. Dubi leɓen bakin: ko ƙaramin tsagu a nan yana sa iskar harbi ta fita ta gefe ɗaya ta ture harsashi. Ɗauki takardar kuɗi ka zagaya ta ƙarƙashin bututu, ka ja daga gaba zuwa kusa da uwa. In ta wuce sumul, bututun ba ya taɓa ƙota. In ta tsaya, ka lura da wurin, ko da yake wasu kamfanoni da gangan suke barin tokari guda a can gaba.

Gwada sifti: ɗana bindigar ba harsashi, sa sifti, ja kunama, saki, sannan cire sifti. Kada allurar da ke dukan gindin harsashi ta faɗa. In ta faɗa, ajiye bindigar. Wanda zai sayi tsohuwar Remington 700 ya sani kamfanin ya janye kunamar X-Mark Pro da aka ƙera tsakanin Mayun 2006 da Afrilun 2014, don haka a duba ko an sauya ta. Dubi ramukan sukurorin da ake ɗaura madubi a saman uwa, kada tiredinsu ya zama a cinye. Daga ƙarshe, lambar jikin uwa ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Mataki na bakwai: wanne za a fara sauyawa

Kada ka sauya komai sai ka harba ta yadda ta zo. A wurin da aka amince da gwajin harbi, mai tudun ƙasa a baya, kafa takarda a mita 100, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi. Yi harbi uku, ka bar bututu ya huce har ka iya riƙe shi, ka maimaita sau uku. In kowane rukuni ya taru cikin santimita 3 zuwa 4, bindigar ta wadatar da farauta, kuɗinka ya fi amfani a madubi mai kyau da harsashin atisaye.

In ba ta taru ba, yadda ramukan suka watse shi ke faɗin ciwon. Ramukan da ke hawa sama ɗaya bayan ɗaya yayin da bututu ke ɗumi, ƙota ce ke taɓa shi. Rukuni biyu a ware, biyu nan ɗaya can, galibi sukuru ne ya saki, na uwa ko na madubi. Ramin da ya fito dogo maimakon zagaye, harsashi ne ke tuntsurawa a iska, ko dai ya yi wa murɗin tsaga tsawo ko bututun ya cinye. Sakatar da ke taurin ɗagawa bayan harbi kuwa matsin wuta ne ya yi yawa, kuma a nan harsashin da aka bari a cikin mota da rana yana iya jawo shi. Ka tsaya da harbi har a gano dalili.

Sukurori za a fara da su, da sifanar awon ɗauri, ba da ƙarfin hannu ba. Ƙotar katako mara ginshiƙin ƙarfe a ramukan sukurori takan tsaya wajen newton-mita 4, mai ƙashin alminiyam takan kai 6 zuwa 7, amma adadin da maƙerin ƙotar ya rubuta shi ne abin bi. A fara da na gaba, bindigar na tsaye a kan gindinta don matarin shuri ya zauna. Ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe katako, daga nan ba ya sake riƙewa.

Bayan haka sai mazaunin uwa. Mai gyara zai sa ginshiƙan alminiyam biyu a ramukan sukurori, ya shimfiɗa gam mai haɗi biyu inda uwa ke kwanciya don ta samu gurbi daidai jikinta, ya kuma buɗe hanyar bututu. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da shafa wa ƙarfe abin da zai hana gam kama shi, sai uwa da ƙota su manne har abada. Wannan aiki sau da yawa yana gyara ƙotar asali har a fasa sayen sabuwa. In za a sayi sabuwar, a zaɓi mai faɗin hanyar da za ta ɗauki bututun da ake niyyar sawa gaba, domin bututu mai kauri ba ya kwanciya a hanyar siriri, kuma ba kowace ƙota ke da naman da za a ƙara fafewa ba.

Bututu shi ne na ƙarshe, kuma da wuya ya zo da wuri. Masu gasar harbi suna ƙiyasta bututun .243 yana fara rasa daidaito bayan harbi 1,500 zuwa 2,000, na .22 LR kuwa yana kai dubun-dubatai. Maharbin da ke harba harsashi 50 a shekara zai yi shekara talatin kafin ya kai nan. Abin da ke kashe bututu a wurinmu tsatsar damina ce, da ƙurar hunturu da ke haɗuwa da mai ta zama abin gurza, da sandar goga da ake turawa ta baki tana cin leɓe. A riƙa gogewa ta gindi, a shafa mai kaɗan don ajiya, a share shi tas kafin harbi, a kuma manna ɗan salatif a baki in za a shiga ƙura.

In lokacin sauyin ya yi, abubuwa huɗu za ka faɗa wa mai odar. Girman harsashi. Murɗin tsaga, wanda ake rubutawa kamar 1:10, wato zagaye ɗaya cikin inci goma: wannan ya ishi .243 har zuwa harsashi mai nauyin giren 100 (giren awon nauyin harsashi ne), amma 6.5 Creedmoor 1:8 take so saboda tsawon harsasanta. Tsawo: inci 22, wato santimita 56, ya yi wa farautar ƙafa daidai, kuma kowane inci da aka rage yana rage gudun harsashi da kusan mita 6 zuwa 9 a daƙiƙa. Sai kauri da irin ƙarfe: siriri ya fi daɗin ɗauka amma yana saurin zafi, mara tsatsa kuma ya fi jure damina, ko da yake shi ma yana tabo in an bar shi da gumi.

Ranar ɗaurawa ka tsaya ka ga an auna ratar da ke tsakanin fuskar sakata da inda kwanso ke tokarewa a ɗakin harsashi. Ana yin haka da ma'aunai biyu na ƙarfe masu siffar kwanso, ɗaya an rubuta masa GO, ɗaya NO-GO, kuma dole su zama na girman sabon bututun. Sakata ta rufe a kan na farko ba tare da dole ba, ta ƙi rufewa a kan na biyu. Bambancinsu bai wuce kaurin takarda ba, amma in ratar ta yi yawa kwanso yana miƙewa ya tsinke kusa da gindi, wuta ta dawo fuskar mai harbi. In ta yi kaɗan, sakata ba ta rufuwa sai da ƙarfi, matsi ya hau. Bayan harbin gwaji na farko, ɗauki kwanson ka duba: wani siririn zobe mai haske kusa da gindinsa alama ce ratar ta wuce, a koma a sake aunawa.

A tabbatar an buga girman harsashi a jikin sabon bututun inda ido zai gani, domin harsashin 7mm-08 da na .243 da na .260 suna kama da juna a hannu, kuma tsohon kwalin da ya rage a jaka shi ne haɗarin. Ka fitar da sauran tsofaffin harsasan daga gida ta hanyar dillalin. Tsohon bututun ma kada ya kwana a ɗaki ba takarda: a kai shi ofishin da ke kula da lasisi tare da bindigar, a gyara girman da ke rubuce, a kuma rubuta abin da aka yi da shi. Sannan a koma mita 100 a sake daidaita saiti daga farko, domin tsohon saitin ya tafi tare da tsohon bututu.